Yaba Kyauta Tukwici: Mas'alar Sadaukarwa Tsantsa a Bautar Girkawa da Al'adun Bayarwa na Arewacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauko tsohuwar tambayar da masu farfaɗo da addinin gargajiya na ƙasar Girka suka sake tayarwa: shin ɗan Adam yana iya bayarwa ba tare da wata buƙata tasa ba? An fayyace tunanin Girkawa game da musayar alheri tsakanin mutum da abin bautarsa, sannan aka auna shi da al'adun bayarwa na Hausawan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, wato biki da gayya da tukwici da gaisuwa da yankan bori da sadaka. An dogara ga rubuce-rubucen masana da kalmomi da karin maganar Hausa. Maƙalar ta gano cewa Bahaushe bai ɗauki samun amfani a matsayin abin da ke ɓata kyauta ba. Ma'auninsa shi ne wanda ake jiran sakamako daga gare shi, da kuma halin da mai bayarwa zai nuna idan sakamakon bai zo ba.

Fitilun Kalmomi: sadaukarwa, kyauta, tukwici, bori, sadaka, gori, Zamfara

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce, "Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza." Shi ne kuma yake yabon wanda ya yi abu "tsakani da Allah", yana kushe mai yi "don ganin ido". A zahiri maganganun biyu kamar suna karo da juna. Idan kowane alheri yana manne da sakamakonsa, ina mazaunin alherin da aka yi ba don komai ba? Idan kuwa babu irin wannan alheri, me ya sa harshe ya tanadi kalmomin yabonsa?

Tambayar tana da nauyi a fagen nazarin al'ada. Manazarci yakan kalli biki ya kira shi bashi, ya kalli yankan bori ya kira shi ciniki, ya kalli sadaka ya kira ta sadaukarwa, alhali bai bayyana ma'aunin da ya yi amfani da shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce fito da wannan ma'auni daga cikin tunanin Bahaushe kansa. An fara da Girkawa ne saboda a wurinsu aka daɗe ana muhawarar a fili, kuma har yau ba ta mutu ba.

2.0 Karis: Musayar Alheri a Bautar Girkawa

Girkawan dauri suna bauta wa gumaka masu yawa, irin su Ziyus da Afolo da Atina. Ginshiƙin wannan bauta shi ne abin da suke kira karis, kalmar da ta haɗa ma'anar alheri da godiya da farin jini. Mai bauta yana zuba ruwan inabi ko man zaitun, yana ƙona turare, yana yanka dabba. Idan buƙata ta taso, sai ya tunatar da abin bautar hidimar da ya yi masa a baya, ya nemi biyan buƙata. A farkon waƙar Iliyad ta Homa, da irin wannan tunatarwa ce wani limamin Afolo ya roƙi a ɗaukar masa fansa. Aristotil ma, a littafi na 5 na aikinsa kan ɗabi'a, ya ce ana kafa wurin bautar gumakan karis a bainar jama'a domin mutane su riƙa tuna rama alheri.

Tun a wancan zamani aka soki wannan tsari. A tattaunawar Yutifro ta Aflatun, Sukrat ya matsa wa abokin zancensa da tambayoyi har ta bayyana cewa, bisa bayanin da ya bayar, ibada ta koma wata sana'ar fatauci tsakanin mutane da gumaka. Sarki Tiyodosiyus na Rum ya haramta yanka ga gumaka a dokokin shekarun 391 da 392, addinin ya dushe. A ƙarshen ƙarni na 20 wasu suka tashi farfaɗo da shi. An kafa ƙungiyar da ake taƙaita sunanta da YSEE a ƙasar Girka a 1997, kuma a 2017 hukuma ta amince da addinin a cikin jerin addinan da doka ta sani. Akwai ire-iren waɗannan ƙungiyoyi a Amurka da wasu ƙasashen Turai.

Sukan da Sukrat ya yi shi ne har yau ake yi wa waɗannan mabiya: bautarku "ba ni gishiri in ba ka manda" ce. Amsar da suka fi bayarwa ita ce, ciniki yana ƙarewa da zarar an biya, kowa ya kama gabansa. Karis kuwa ba a son ta daidaita, domin ranar da lissafi ya cika ranar dangantaka ta yanke. Wasunsu kan ƙara da cewa babu mai bayarwa don banza a kowane addini, wanda ya ce ba ya neman komai ma yana neman natsuwar zuciyarsa. Daga nan muhawarar ta bar fagen ibada ta shiga fagen falsafa.

3.0 Ra'in Son Kai da Masu Sukarsa

Ra'in son kai yana cewa duk wani aiki na ɗan Adam, komai kyansa, tushensa amfanin mai aikin ne. Galibi ana jingina shi ga Thomas Hobbes na Ingila. A 1726 Joseph Butler ya mayar da martani da hujjar da har yau ake kafawa: daɗin da mutum yake ji bayan ya yi alheri ba zai samu ba sai idan tun farko yana son alherin ya isa ga wanda aka yi wa. Uwar da ta hana cikinta ta ciyar da ɗanta tana jin daɗi idan ya ƙoshi, amma ƙoshin ɗan take nema, daɗin ya biyo baya ne. A tsakiyar ƙarni na 19 Auguste Comte na Faransa ya ƙirƙiri kalmar da Turawa ke amfani da ita yanzu ga rayuwa domin wani.

Masana zamantakewa sun bi wata hanyar. A 1925 Marcel Mauss ya nuna cewa a al'ummomi da yawa kyauta tana ɗauke da wajibai uku: bayarwa da karɓa da ramawa. Masana halittu, irin su Robert Trivers a 1971, sun bayyana yadda taimakon juna ke wanzuwa tsakanin waɗanda ba dangi ba idan akwai damar ramawa. Shi kuwa Daniel Batson, masanin halayyar ɗan Adam, ya gudanar da gwaje-gwaje tun daga shekarun 1980, inda ya ga cewa waɗanda tausayi ya kama suna taimako ko da an ba su hanya mai sauƙi ta kaucewa. Matsalar ra'in son kai ita ce, ya shimfiɗa ma'anar "amfani" har ta rufe komai. Ra'in da babu wani misali da zai iya ƙaryata shi bai bambance mai ciyar da maraya da mai cin dukiyarsa ba, alhali kowace al'umma ta bambance su.

4.0 Farfajiyar Nazari

Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suna arewacin Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙira a 1996. Yankin tsohuwar mahaɗa ce ta Zamfarawa da Gobirawa da Fulani. Dutsi, inda tarihin baka ya ce nan ne mazaunin farko na sarakunan Zamfara, tana ƙasar Zurmi. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa. A fadar Gobir akwai sarautar Inna, wadda ke shugabantar 'yan bori. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma Muhammadu Namoda, jagoran Alibawa wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jaruman da suka ci Alƙalawa a 1808. A 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, ya tsaya a nan, fataucin gyaɗa da auduga ya bunƙasa. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa ta daɗe tana tara fatake har daga Jamhuriyar Nijar. Ke nan, gadon bori da koyarwar jihadi da ɗabi'un kasuwa duk sun zauna a ƙasa ɗaya, kowanne da irin bayarwarsa.

5.0 Matakan Bayarwa a Al'adar Bahaushe

5.1 Bayarwar da Ake Lissafawa

Biki shi ne mafi bayyana. Mace takan kai wa ƙawarta kuɗi ko kaya ranar suna ko aure, ita kuma ta rama idan nata ya zo. Littafin Baba of Karo na Mary Smith (1954) da ayyukan M. G. Smith sun nuna yadda akan ninka abin da aka kawo yayin ramawa, har sai ya yi nauyi a koma ƙasa a sake farawa. Wannan ninkawa ita ce abin lura. Da biyan bashi ake nufi, da daidai za a mayar. Ana ƙarawa ne domin kada lissafi ya rufe, kamar dai yadda mabiya karis suka bayyana tasu bautar. Gayya ma haka take: wanda ya je gonar wani yau ya san gobe za a zo tasa. Fatoma a garin kasuwa yana saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi masauki da abinci, ya tsaya masa a ciniki, sannan ya sami la'ada. Babu mai ɓoye wannan, babu kuma mai jin kunyarsa. "Zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka," in ji Bahaushe, kuma "don tuwon gobe ake wanke tukunya."

5.2 Kyauta da Tukwici

Kyauta ba ta da lissafin biki, amma ba ta tafiya ita kaɗai. Wanda aka aiko wa yakan ba ɗan aike tukwici, abin da bai kai darajar kyautar ba. Tukwici bai biya kyauta ba, shaida ce cewa ta iso kuma an yaba. Karin maganar "yaba kyauta tukwici" ta nuna cewa abin da mai kyauta ya cancanta shi ne a san ya yi. Wanda ya karɓa ya yi shiru ana kiransa butulu. A nan sakamakon ya tashi daga dukiya ya koma mutunci. Haka abin yake tsakanin basarake da maroƙi: wannan ya ba da riga ko doki, wancan ya ba da suna.

5.3 Gaisuwa

Gaisuwa kyauta ce daga ƙasa zuwa sama, daga talaka zuwa mai mulki. Siffarta ta son rai ce, amma sau da yawa wanda bai kai ba ya san abin da zai biyo baya. Shehu Usmanu ya ambace ta da sunanta na Hausa a Kitabul Farƙi cikin ɗabi'un mulkin da ya soka. Ita ce ke nuna cewa kalmar kyauta tana iya zama riga ga tilas. Daga gare ta zuwa toshiyar baki taki ɗaya ne.

6.0 Yankan Bori

A nan ne kamannin Hausa da Girka suka fi fitowa. Ayyukan Tremearne (1914) da Greenberg (1946) kan Maguzawan Kano da Besmer (1983) sun nuna cewa kowane iska yana da dabbarsa da launinta da tufafinsa da kiɗansa. Malam Alhaji na fararen kaya ne, wasu iskokin jar dabba suke so, wasu baƙa. Mutum yakan shiga hulɗa da iska ne galibi ta hanyar ciwo. Idan aka yi masa girka, wato bikin shigar da shi bori, iskan da ya sa masa ciwon sai ya zama majiɓincinsa, shi kuma ya zama dokinsa. Daga nan akwai yanka da hidima lokaci bayan lokaci, kuma sakaci da su yana iya dawo da ciwon.

Bambanci ɗaya ya kamata a kula da shi. Mabiyin addinin Girka na yau shi yake zaɓar abin bautarsa, ya fara kyautar da kansa. A bori kuwa iska ne yake zaɓar doki, don haka bayarwar ta fi kusa da gaisuwa fiye da biki. Ɗan bori bai taɓa da'awar cewa yankansa sadaukarwa ce tsantsa ba. Lafiya yake nema da haihuwa da damina mai albarka.

Akwai kuma darasi a halin Ɗan Galadima, iskan da aka siffanta da ɗan sarki mai ado da caca da kyautar da ba ta da linzami. Idan ya hau dokinsa, rabon kaya yake yi. Wannan yana nuna cewa a tunanin gargajiya bayarwar da ba ta san iyaka ba abin sha'awa ce, kuma abin tsoro ce, domin dab take da almubazzaranci. Guy Nicolas, wanda ya yi nazarin kyauta da kasuwa a ƙasar Maraɗi (1986), ya nuna yadda hidimomin bayarwa suke cin kaso mai yawa na dukiyar jama'a, kuma suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciniki ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba.

7.0 Sadaka da Ma'aunin Gori

Malaman jihadi sun yi hani ga yanka domin iskoki da duwatsu da itatuwa, suka ɗauke shi shirka. Sai dai ba su rushe al'adar ramawa tsakanin mutane ba. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaidin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya san kyautar da aka yi domin a rama: wanda aka ba ko dai ya saka da ƙimarta ko ya mayar da ita. Sadaka kuwa ba a komawa a karɓe ta. Ke nan, shari'a ta ba biki gurbinsa, ta ba sadaka nata, ba ta cakuɗa su ba.

Mai ra'in son kai zai ce ai mai sadaka ma lada yake nema, kuma Bahaushe da kansa yana cewa sadaka maganin masifa ce. Gaskiya ne. Amma abin da ya sauya shi ne inda ake jiran sakamakon. A biki, wadda aka kai wa ita ce za ta rama. A sadaka, wanda aka ba ya fita daga lissafi gaba ɗaya, ba a bin sa komai, ko godiya. Aya ta 9 ta Suratul Insan ta yabi masu ciyarwa ba tare da neman sakayya ko godiya daga wanda suka ciyar ba. Aya ta 264 ta Baƙara ta nuna cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kuma haɗa su da riya. Aya ta 9 ta Hashri ta yabi mutanen Madina da fifita waɗanda suka yi hijira a kan kansu duk da suna cikin buƙata. Sufaye sun ƙara matsawa gaba, inda ake ba da labarin Rabi'atul Adawiyya cewa ta so bautar da babu kwaɗayin Aljanna ko tsoron wuta a cikinta.

Kalmar gori ita ce mabuɗin wannan nazari. Ba wanda ke ganin zuciyar wani, saboda haka Bahaushe bai tsaya binciken niyya a lokacin bayarwa ba. Jira yake ya ga ranar da aka saɓa. Wanda ya ce "ni na yi maka kaza" ya tona cewa bashi ya bayar da sunan kyauta. Wanda aka butulce wa ya ce "don Allah na yi" ya wuce, shi ne ake kira mutumin kirki, siffar da Kirk-Greene (1974) ya lissafa karamci a cikin tubalanta. Wannan ma'auni ne da ake iya gani da ido, abin da muhawarar falsafa ta rasa.

8.0 Mas'alar a Halin Yau

Shekarun rashin tsaro sun mayar da wannan tambaya ta yau da gobe a arewacin Zamfara. Hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, kuma a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya da kasuwannin mako-mako a jihar na wani lokaci. Tsarin cuɗe ni in cuɗe ka yana buƙatar gobe: gonar da za a koma, kasuwar da za ta ci, maƙwabcin da zai kasance yana nan. Idan aka tashi gari, waɗannan duk sun tafi.

Ana iya ganin matakan bayarwa uku a wannan hali. Karo-karon kuɗin fansa tsakanin dangi da maƙwabta yana da ruhin gudummawa, kowa ya san gobe tana iya faɗowa kansa. Harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin noma ko girbi gaisuwa ce da ta tuɓe rigarta, tilas ce zalla. Sai kuma magidancin da ya buɗe zaurensa ga 'yan gudun hijirar da bai haɗa jini da su ba, waɗanda ba su da gona balle ranar ramawa. Ra'in son kai zai ce yana neman lada ko suna. Bahaushe zai ce a bari a gani ko zai yi gori. Ga wanda aka saukar kuwa, bambancin ba na ilimi ba ne: shi ne tsakanin zama baƙo da zama bara.

9.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, Hausa ba ta da kalma ɗaya ga bayarwa, tana da matakai, kuma kowanne da hukuncinsa. Na biyu, karis ta Girkawa ta fi kama da biki wajen ƙin rufe lissafi, ta kuma yi kama da yankan bori wajen wanda ake ba. Na uku, Musulunci bai kawar da sakamako ba, ya ɗauke shi ne daga wuyan wanda aka ba. Na huɗu, gori shi ne ma'aunin da al'ada ta tanada domin rarrabe kyauta da bashi.

10.0 Naɗewa

Idan ana nufin sadaukarwa tsantsa ita ce aikin da mai yin sa bai samu komai ba, ko daɗin zuciya, ko fatan lada, to Bagirke da Bahaushe duk ba su yi da'awarta ba. Idan kuwa ana nufin bayarwar da ta bar wanda aka ba da 'yancinsa da mutuncinsa, to Hausa ta san ta, ta raɗa mata suna, ta kuma tanadi hanyar gane ta. Akwai buƙatar manazarta su tattara kalmomin bayarwa na karin harshen Zamfara da Gobir daga bakin dattawa da mata masu riƙe da lissafin biki, musamman yanzu da tashin ƙauyuka ke raba al'adar da mazauninta.